SHARHI: Ƙananan Jiragen Yaƙi na Cikin Kwali da Darasin Awo da ke Tattare da Su

A watan Yulin shekarar 2025 ne aka sanar da rasuwar Shunsaku Tamiya, shugaban kamfanin Tamiya na ƙasar Japan, yana da shekaru 90 a duniya. Ga mafi yawan jama'armu wannan suna baƙo ne, amma a ƙasashen Turai da Amurka da gabashin Asiya an ɗauki rasuwar tasa a matsayin babban rashi, domin kuwa kamfaninsa na cikin waɗanda suka fi shahara a duniya wajen ƙera ƙananan samfurorin jiragen sama da tankokin yaƙi da motoci, waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mai saye ya zauna ya harhaɗa su da hannunsa. Wanda ya ji labarin daga nesa zai iya cewa ai kayan wasan yara ne. To amma idan aka dubi tarihin wannan aiki, da irin dukiyar da ake zubawa a cikinsa, da kuma yadda wasu gwamnatoci suka koma gare shi a lokacin da suka shiga tsananin buƙata, za a ga cewa makaranta ce ta koyon awo da karanta zane da aiki cikin natsuwa. A kan wannan ne muke son jawo hankalin iyaye da malaman makaranta da jami'an ƙananan hukumomi, musamman ta hanyar duba ɓangaren aikin da ya fi kowanne wuya, wato haɗa manyan samfurorin jiragen yaƙi da ƙawata su.

Mene ne samfurin, kuma mene ne ma'auninsa?

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, samfurin da ake magana a kai ba ya tashi. Ba shi da inji mai aiki, ba shi da batir, ba a sarrafa shi daga nesa. Siffar jirgi ce ta roba da ake ajiyewa a kan tebur ko a cikin akwatin gilashi, kuma duk darajarsa tana ga yadda ya yi daidai da jirgin gaskiya a kowace gaɓa.

Ana samun wannan daidaito ne ta hanyar ma'aunin ƙanƙantawa, wanda ake rubutawa a jikin kwali kamar haka: 1/72 ko 1/48 ko 1/32 ko 1/24. Ma'anar 1/72 ita ce an raba kowane tsawo na jirgin gaskiya gida 72, aka ɗauki ɗaya. Turawan Ingila sun so wannan ma'auni ne saboda inci ɗaya a jikin samfuri yana daidai da ƙafa 6 a jikin jirgi, wato mutum dogo zai koma inci ɗaya ke nan. Idan lambar ta ragu, samfurin ƙara girma yake yi. Shi ya sa masu wannan aiki suke kiran 1/32 da 1/24 manyan ma'aunai.

Misali zai fi fito da maganar fili. Jirgin Spitfire, wanda Ingila ta yi yaƙin duniya na biyu da shi, faɗinsa daga ƙarshen wannan fiffike zuwa ƙarshen wancan ya kai mita 11 da santimita 23. A ma'aunin 1/72 zai koma kimanin santimita 15 da rabi, wato abin da bai wuce tafin hannu ba sosai. A ma'aunin 1/32 zai zama santimita 35, a 1/24 kuma kusan santimita 47. Shi kuwa jirgin Lancaster mai injuna huɗu, wanda faɗinsa ya kai mita 31, samfurinsa a ma'aunin 1/32 yana kusan cika mita ɗaya.

A nan ne wahalar manyan ma'aunai take. Idan aka tashi daga 1/72 zuwa 1/24, tsawo ya ninka sau 3, amma faɗin jikin da za a shafa wa fenti ya ninka sau 9. Abin da ido ba ya gani a ƙaramin samfuri, kamar allurar agogon mai a gaban matuƙi, ko wayar birki a jikin ƙafar sauka, ko kawunan ƙusoshin da suka riƙe fatar jirgi, duk sai ya fito fili a babba. Haka kuma kuskuren milimita ɗaya a ma'aunin 1/32 daidai yake da kuskuren sama da santimita 3 a jikin jirgin gaskiya, wanda babu injiniyan da zai yarda da shi.

Asalin aikin da kuma ranar da ya yi wa gwamnatoci

A farkon shekarun 1930 ne aka fara sayar da kwalayen haɗa ƙananan jirage na katako a Ingila a ma'aunin 1/72, da sunan Skybirds. A shekarar 1936 kamfanin FROG ya fito da irinsu na roba. A lokacin aikin sha'awa ne kawai na samari, har zuwa lokacin da yaƙi ya nuna amfaninsa.

Ranar 6 ga Satumba 1939, kwana uku kacal da shigar Ingila yaƙi, jiragen Spitfire na rundunar saman ƙasar suka harbo jiragen Hurricane guda biyu na rundunarsu, bisa zaton na abokan gaba ne, matuƙi ɗaya ya rasa ransa. Irin wannan kuskure ya nuna cewa wajibi ne matuƙa da masu harba bindigogin kakkaɓo jirage su iya bambance jirgi da jirgi cikin ƙiftawar ido, daga siffar fukafukai da wutsiya kawai. Hoto a takarda bai wadatar ba, domin jirgi yana iya ɓullowa ta kowace fuska. Sai aka koma ga samfuri, wanda za a rataye a rufin aji a riƙa jujjuya shi.

A shekarar 1942 rundunar ruwan Amurka, tare da hukumar ilimin ƙasar, ta nemi ɗaliban makarantun sakandare su ƙera mata samfurori 500,000 na jirage iri-iri, na Amurka da na ƙawayenta da na abokan gaba. Aka raba wa makarantu zane, aka ce kowane samfuri ya kasance a ma'aunin 1/72, a sassaƙa shi da katako, a shafa masa baƙin fenti. Hikimar ita ce, samfurin da aka rataye a nisan mita 10 daidai yake a ido da jirgin gaskiya a nisan mita 720. Ana duba kowane samfuri kafin a karɓa, wanda bai cika awo ba a mayar da shi, ɗaliban da suka yi ƙoƙari kuma a ba su takardar yabo. Abin lura a nan shi ne, ƙasar da take da manyan masana'antu ta dogara da aji na aikin katako da malamin da ya iya koyar da rula, kuma ba ta ji kunya ba.

Masana'antar a jiya da yau

Bayan yaƙi ne aikin ya zama kasuwa. Kamfanin Airfix na Ingila, wanda wani ɗan asalin ƙasar Hangari mai suna Nicholas Kove ya kafa a 1939, ya fito da Spitfire ɗinsa na farko na roba a 1953, ana kuma sayar da irin waɗannan kaya a cikin leda a kan sule biyu a shagunan Woolworths. A shekarar 1970 kamfanin ya fito da Spitfire a ma'aunin 1/24, wanda ya buɗe kasuwar manyan samfurori. Kamfanin ya sha faɗi-tashi, har Hornby ya saye shi a 2006, aka kuma mayar da akasarin ƙirar kayansa zuwa Indiya. A 2014 ya fito da jirgin Typhoon mai gutattsari sama da 500, a 2019 jirgin Hellcat, sannan a 2022 sabon Spitfire mai gutattsari sama da 400, wanda aka zuba a cikin Ingila kanta, farashinsa kuma a lokacin ya kusa fam 100.

Labarin Japan ya fi ɗaukar hankali ga mai tunanin raya karkara. Kamfanin Tamiya ya fara ne a 1946 a matsayin wurin yankan katako a birnin Shizuwoka, yankin da ya daɗe da shahara da kafintoci da masu sassaƙa. Daga katako aka koma ƙananan samfurorin katako, daga nan aka koma roba. A yau ana ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na samfurorin roba da ake yi a Japan daga wannan yanki suke fitowa, inda kamfanoni irin su Hasegawa da Aoshima da masana'antar Bandai suke, kuma duk watan Mayu ana gudanar da babban bajekolin wannan sana'a a birnin. Wato sana'ar gargajiya ce aka ɗora wa awo da injina, ta zama abin da ke ciyar da gari. An san marigayi Tamiya da tsananin son daidaito, har ya taɓa sayen mota ƙirar Porsche aka wargaza ta domin a auna kowane sashe kafin a fitar da samfurinta a 1976. Da irin wannan tarbiyya ce kamfanin ya fito da jerin manyan jirage a ma'aunin 1/32, Spitfire a 2009, Mustang a 2011, Corsair a 2013 da Mosquito a 2015, waɗanda masu aikin suke ɗauka a matsayin abin koyi.

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin ƙasar Sin, musamman Trumpeter, suka shigo da manyan samfurori masu yawa. Jamhuriyar Cek ta yi suna da kamfanin Eduard, mai yin ƙananan kayan ƙawa. Kamfanin ICM da ke birnin Kiyef ya ci gaba da fitar da kaya duk da yaƙin da Rasha ta ƙaddamar a kan Yukiren a 2022. A gefe guda kuma, kamfanin Wingnut Wings na ƙasar Niyu Zilan, wanda ya shahara da jiragen yaƙin duniya na ɗaya a ma'aunin 1/32, ya rufe a 2020, a daidai shekarar da zaman gida na annobar korona ya sa cinikin wasu kamfanonin ya ƙaru. Wannan ya nuna cewa kasuwar tana da haɗari, domin sai an kashe maƙudan kuɗi wajen sassaƙa ƙarfen zubi kafin a sayar da kwali ko ɗaya.

Yadda ake ƙera gutattsarin yana kama da aikin masu zubin tukwanen alminiyon a kasuwanninmu, sai dai a nan ana narkar da roba ne a tura ta da ƙarfi cikin ƙarfen da aka sassaƙa siffar a jikinsa. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne hanyar awo. Yanzu ana zuwa gidan adana kayan tarihi a haska jirgin gaskiya da na'urar leza, ta ɗauki siffarsa zuwa cikin kwamfuta, daga nan a zana gutattsarin. Har ila yau, na'urar ɗab'i mai fitar da siffa ta ba mutum ɗaya damar ƙera ƙananan sassa a ɗakinsa ya sayar wa duniya ta intanet.

Yadda ake haɗa babban samfuri

Idan aka buɗe kwali za a tarar da gutattsarin manne a jikin firam-firam na roba, kowanne da lambarsa, tare da littafin zane mai nuna mataki bayan mataki. Gwanaye kan ce rabin aikin karanta wannan littafi ne tun daga farko har ƙarshe kafin a taɓa wuƙa. Bayan haka sai a yanke gutsure, a goge wurin yankan da magagari ko sanfefa, a gwada shi a mazauninsa ba tare da gam ba. Wannan gwaji na busasshe wajibi ne, domin gam ɗin da ake amfani da shi narkar da robar yake yi ya haɗe ta kamar walda, kuma abin da aka manna a karkace ya mannu ke nan.

Ana farawa da ɗakin matuƙi, saboda da zarar an haɗe ɓangarori biyu na gangar jirgin hannu ba zai ƙara shiga ciki ba. A babban ma'auni wannan ɗaki kaɗai yana iya cin makonni. Sannan a haɗa inji, a rufe gangar jiki, a ɗora fukafukai. A nan ake ɗauko rula, domin fukafukan yawancin jirage suna ɗan ɗagowa sama daga jiki zuwa baki, kuma dole ne tsayin bakin na dama daga tebur ya yi daidai da na hagu. Idan jirgin mai ƙafa a hanci ne, kamar jiragen yaƙi na zamani, sai an ɓoye ɗan nauyin dalma a cikin hancin, in ba haka ba zai zauna a kan wutsiya. Duk inda aka haɗa roba da roba yakan bar tabo, sai a cike shi da kwaɓi irin na masu gyaran jikin mota, a goge, a sake zana layukan da gugar ta shafe.

Fenti kuma da ƙaramar bindigar feshi ake yinsa, a shafa siriri-siriri sau da yawa, domin fenti mai kauri yana binne ƙananan alamomi. Ana rufe gilashin matuƙi da 'yan ƙananan tef da aka yanka daidai kowane murabba'i. Tambarin ƙasa da lambobin jirgi suna zuwa a takarda ta musamman, a jiƙa ta a ruwa, a zame tambarin zuwa mazauninsa da hantsaki.

Ƙawatawa, da sharaɗin gaskiya

Abin da ake kira ƙawatawa shi ne ƙara wa samfuri abubuwan da zubin roba ba ya iya fitarwa da kyau. Ana sayar da siraran farantan tagulla da aka cinye da sinadari har suka bar siffar bel ɗin kujera ko ragar sanyaya inji. Wasu kuma da kansu suke ƙera nasu, su ɗauki zaren wayar lantarki su yi bututun mai, su huda bakin bindigogi da ƙaramin mahuji, su rage kaurin bakin fiffike da sanfefa. Daga ƙarshe sai a tsufar da jirgin, wato a nuna baƙin hayaƙi a bayan salansa, da ɗigon mai a ƙarƙashin inji, da ƙujewar fenti a inda matuƙi yake taka ƙafa.

Babban sharaɗi a nan shi ne hujja. Gwani yakan zaɓi jirgi guda ɗaya mai lamba sananniya, na runduna sananniya, a wani wata sananne, ya nemo hotunansa ya bi su. Idan jirgin Hurricane ne da ya yi aiki a hamadar arewacin Afirka, dole ne a ga babban matacin ƙura a ƙarƙashin hancinsa, fentinsa kuma ya koɗe da rana. Idan jirgin da ya halarci saukar sojojin ƙawance a Faransa ne ranar 6 ga Yuni 1944, dole ne a ga ratsin fari da baƙi a fukafukansa, wanda aka shafa domin kada 'yan'uwa su harbe shi. Ta haka mai haɗa samfuri yake zama ɗalibin tarihi ba tare da an tilasta masa ba.

Akwai wani darasi a wajen gasa. Ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya, IPMS, wadda aka kafa a Ingila a 1963, tana gudanar da babban taronta a garin Telford duk watan Nuwamba. A gasannin rassan ƙungiyar alƙalai kan fara ne da duba ko fukafukai sun daidaita, ko tayoyi sun tsaya a miƙe, ko an bar tabon gam. Samfurin da aka kashe wa kuɗin ƙawa mai yawa yana iya faɗuwa a gaban wanda aka haɗa da abin da ke cikin kwali kawai, matuƙar na biyun ya fi tsabtar aiki. Masu iya magana sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sukar da ake yi wa aikin

Ba daidai ba ne a yi wannan bayani a ɓoye cewa aikin yana da masu suka, kuma suna da hujja. Jiragen nan an ƙera su ne domin kisa. Lancaster na cikin jiragen da suka ƙona birnin Dresden na Jamus a 1945. Saboda irin wannan tarihi ne dokar Jamus ta hana baje tambarin 'yan Nazi, shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa zana shi a jikin kwali, wasu kuma sukan raba shi gida biyu a takardar tambari. A ƙasarmu ma ƙarar jirgin yaƙi ba abin nishaɗi ba ce ga mutanen karkara da dama. Jama'a ba su manta da abin da ya faru a Rann ta jihar Borno a watan Janairun 2017 ba, da kuma Tudun Biri ta jihar Kaduna a watan Disamban 2023, inda hare-hare daga sama suka hallaka fararen hula, hukumomin soja kuma suka amsa cewa kuskure ne. Don haka malamin da zai kawo irin wannan samfuri aji, wajibi ne ya haɗa da bayanin abin da yaƙi yake jawowa, ko kuma ya zaɓi jirgin horo ko na ɗaukar kaya, tun da darasin awon iri ɗaya ne.

Na biyu shi ne lafiya. A shekarun 1960 Amurka ta yi fama da matsalar yara masu shaƙar gam ɗin haɗa ƙananan jirage, har wani kamfani ya riƙa zuba masa sinadari mai yaji domin hana shaƙa. Wannan ita ce matsalar da muka sani da sunan sholisho. Duk inda za a yi aiki da gam da fenti mai ƙarfi, a yi shi a wuri mai iska, kayan kuma su kasance a hannun malami.

Na uku shi ne tsada. Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk abin da ake sayowa da fam ko dala ya ƙara nisa da talaka. Kwali ɗaya na fam 100, ban da fenti da kuɗin dako, ba abin da za a ce wa manomi ko makarantar ƙauye ta saya ba ne, kuma ba shi muke kira a saya ba.

Inda maganar ta shafe mu

Haɗa jirgi daga cikin akwati ba baƙon abu ba ne a tarihin wannan yanki. Daga watan Satumban 1940 Ingila ta riƙa kawo jiragen Hurricane da wasunsu a wargaje cikin akwatuna zuwa tashar ruwa ta Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a haɗa su a can, su taso ta Legas da Kano da Maiduguri, su bi ta Aljinena da Alfashir da Hartum a Sudan, har zuwa Alƙahira. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya kafin yaƙin ya ƙare. Haka kuma jirgin horo na Air Beetle, wanda aka haɗa guda 60 a Kaduna domin rundunar sojan saman Nijeriya, an samo shi ne daga wani ƙaramin jirgin Amurka mai suna RV-6A, wanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa mai saye ya haɗa. Matakan aikin kuwa su ne waɗanda aka bayyana a sama: karanta zane, gwada sashe kafin a ɗaure, auna dama da hagu.

Bugu da ƙari, jirage da dama da rundunar samanmu ta yi aiki da su suna nan a cikin kwalaye, kamar MiG-21 da Alpha Jet, da kuma Super Tucano da JF-17 waɗanda aka karɓa a 2021, ga mai son ya shafa musu tambarin kore da fari da kore.

Amma babban abin da ya shafe mu yana cikin ƙauyukanmu. Babu unguwar da ba a samun yaron da ya iya ƙera motar kara ko ta langa-langa, ko jirgin gwangwani mai farfela. Hannu da basira akwai su. Abin da ya rage shi ne awo, domin yaron da ido yake ƙira, kuma idan aka ce ya sake yin wani irinsa sak ba zai iya ba. Bambancin da ke tsakanin mai ƙira da ido da ma'aikacin fasaha shi ne na biyun yana iya ɗaukar zanen wani ya fitar da abin daidai, shi ma ya zana nasa wani ya fitar. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Wright sai da suka gwada ƙananan siffofin fukafukai kimanin 200 a cikin akwatin iska a 1901 kafin jirginsu ya tashi a 1903.

A shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da ilimin fasaha da sana'o'i, kuma muna da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke Kaduna, wadda take ɗaukar ɗalibai farar hula. Yaron da zai kai waɗannan wurare daga firamaren ƙauye zai faro, kuma abin da zai tafi da shi daga can shi ne sanin rabawa da ninkawa da riƙon rula.

Kira ga malamai da jami'ai

Abin da Amurka ta yi a 1942 bai buƙaci roba ko kuɗin waje ba. Malamin lissafi ko na fasaha zai iya samun zanen jirgi ta fuska uku, wato sama da gefe da gaba, ya zaɓi ma'aunin 1/32, ya sa ɗalibai su raba kowane tsawo da kansu, su yanka kwali ko katako mai laushi ko kara. A auna aikin kowa da rula a gaban aji, wanda ya kauce ya sake. Ana iya yin haka da ginin aji ko rumbu ko kwalbati a ma'aunin 1/20, kuma sashen ayyuka na ƙaramar hukuma zai amfana da matasan da suka iya karanta zanen gini. Sakatarorin ilimi za su iya shirya gasa tsakanin makarantu ta hannun ƙungiyoyin JETS, da sharaɗin a ba da maki a kan daidaito kafin kyau.

Daga ƙarshe, akwai buƙatar masu unguwanni da dagatai da 'yan sintiri su san bambanci tsakanin samfurin ajiya da jirgi maras matuƙi. Samfurin ajiya ba ya tashi, ba ya ɗaukar hoto. Shi kuwa jirgi maras matuƙi, tun a watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta sanar da cewa ba a tayar da shi sai da izininta da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, sannan a watan Janairun 2025 rundunar Haɗin Kai ta sanar da hana amfani da shi a arewa maso gabas. Saboda haka duk matashin da ya kai matsayin sanya wa ƙirarsa inji, a kai shi ga hukuma ya nemi izini da shawara kafin ya gwada. Wanda kuma aka gani da jirgin kwali ko na katako a hannu, a tambaye shi ma'aunin da ya yi aiki da shi, idan bai sani ba a haɗa shi da malamin da zai koya masa.